Hukuncin Rubuta Ƙagaggen Labari a Kan Mata-Maza

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗaliba ce a lise (makarantar sakandare) a nan Garwa ta Kamaru, ina rubuta labarai ina turawa ƙawayena a WhatsApp. Na fara wani a kan yarinyar da aka yi rainonta a matsayin mace, tana kai shekara 14 sai muryarta ta buɗe, gemu ya fara tsiro mata, mahaifinta ya cire ta daga makaranta ya kulle ta a gida. Yayana ya ce haramun ne, wai ƙarya ce kuma yaɗa alfasha ne. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, rubutun ya halatta bisa sharuɗɗan da zan faɗa.

Batun ƙarya bai taso ba, domin ƙarya ita ce a ba mutum labari don ya ɗauka gaske ne alhali ba haka ba. Wanda ya buɗe ƙagaggen labari ya san ƙage ne. Malamanmu sun daɗe suna karantar da Muƙamatul Hariri a zaure, kuma labaran cikinsa ƙirƙira ne.

Inda yayanki ya fi kuskure shi ne ɗaukar zancen mata-maza alfasha. Wannan babi ne na fiƙihu. Shehu Khalil da shi ya rufe Mukhtasar ɗinsa, littafin fiƙihun Malikiyya. Ya ce idan fitsari ya fito ta kafa ɗaya, ko ya fi yawa ko ya riga fitowa ta ɗaya, ko gemu ya tsiro, ko nono, ko aka ga haila ko maniyyi, to rikitarwa ta kau. Wanda alamominsa suka ƙi rarrabewa shi ne khunsa mushkil, kuma shari'a ba ta yar da shi ba. A sallah yana tsayawa tsakanin sahun maza da na mata. A gado yana ɗaukar rabin kason namiji da rabin kason mace: idan mamaci ya bar ɗa namiji guda da khunsa guda, za a kasa dukiya 12, ɗan ya ɗauki 7, khunsa ya ɗauki 5. Wanda malamai suka zauna suka yi wa lissafin gado haka, ta yaya ambatonsa zai zama abin kunya?

Sharaɗin farko, kada alƙalaminki ya haɗa mata-maza da ɗan daudu. La'anar da ta zo a hadisin Bukhari a kan mai kwaikwayon wani jinsi da gangan take. Wannan yarinya ba ta zaɓi komai ba, Allah ne "yake suranta ku a cikin mahaifa yadda ya so" (Ali Imrana, aya ta 6). Kada ki jingina halittarta ga aljanu, ko sammu, ko zunubin uwarta. Irin wannan magana ce ke sa a kai yaro wurin boka a maimakon asibiti, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na ji ta daga bakin masu karatu.

Na biyu, kada ki siffanta al'aura ko ki kawo abin da ke motsa sha'awa. Na uku, kada ki gina labarin a kan wani da aka sani a unguwarku. Ko kin sauya suna, mutanen Garwa za su gane, ya zama tonon asiri da giba.

Sannan ki nuna mafita ta gaskiya. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa (ƙungiyar Musulmi ta duniya) a Makka ta yanke a 1989 cewa wanda alamomin jinsi biyu suka haɗu a jikinsa ana duba wanda ya rinjaya, a yi masa magani ko tiyata don kawar da rikitarwar, saɓanin lafiyayye mai son sauya jinsi, wannan haramun ne. Yau likitoci na gwajin jini da na ƙwayoyin halitta, su ɗauki hoton ciki su ga ko akwai mahaifa. Mahaifin da ke labarinki wajibinsa ya kai ta asibiti, ko da sai an tura su Yawunde, kada a yi gaggawar yanka kafin bincike ya kammala, kuma a saurari abin da ita take ji tunda ta balaga. Idan ta tabbata namiji ne, sai a sauya suna da sutura, ya koma sahun maza, ya koma makarantarsa.

Wallahu a'alam.