Tambaya da Amsa: Mi ya sa anka ba ɗan wata nonon anka bar namu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ƙanwata ta haifi bakwaini nan Gusau, kilo 1.9, shina cikin kwalba, yau kwana ukku nono bai zo mata sosai ba. To akwai wata baiwar Allah a ɗakin da nata ya yi yawa tana tatsa tana bayarwa, sai nas-nas ɗin sunka ɗauka sunka ba ɗan wata muna tsaye muna kallo, wai shi ya fi buƙata. Wannan ba son kai ba ne? Ko don ba mu san kowa ba?
Yayar mai jego, Gusau

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Ban ga yaron can ba, amma ina kyautata zaton sikeli ne ya raba gardamar ba sanayya ba. In nonon kyauta ya yi kaɗan, waɗanda ba su kai kilo 1.5 ba ko aka haife su kafin sati 32 ake fara ba, don su hanjinsu bai yi ƙwari ba, madarar gwangwani na iya jawo musu wani ciwo da hanji ke kumbura har ya ruɓe, kuma yana kisa. Naku mai 1.9 ya ɗan fi ƙarfin wannan haɗarin, duk da dai na san zuciya ba ta jin lissafi.

Ko a ƙasashen da ke da bankin nono, wato wurin da ake tara nonon kyauta a adana don jarirai, haka ake yi. Brazil na da sama da 200, Kenya ta buɗe nata na farko a asibitin Pumwani a 2019, ana gwada jinin mai bayarwa saboda ƙanjamau da ciwon hanta, a ɗumama nonon a ma'aunin zafi 62.5 na minti 30, amma duk da haka sai an bi layi.

Kuma ni fa da an ba naku ma da tambaya zan fara yi: an gwada matar? An rubuta sunanta? A mazhabar Malikiyya ko sau ɗaya nono ya shiga cikin jariri ya zama ɗanta na shayarwa, aure ya haramta tsakaninsa da 'ya'yanta, wannan ne ma ya sa majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta hana bankin nono a 1985, wasu malaman kuma suka halatta. Ku tuntuɓi malaminku.

Yanzu dai aikin na wajen ƙanwarki ne. Kwana uku ba jinkiri ba ne, ta riƙa tatsa da hannu kamar sau takwas a yini har da dare, dakashin nan mai ruwan ɗorawa da wasu ke zubarwa ko ɗigo ne a kai wa nas, ta ci ta ƙoshi, in likita ya yarda ta ɗora shi a ƙirji fata da fata, yana sa nono ya sauko.