Amsa: Daga ina kalmar sikila ta fito?

Malam, ka tambaya ko sikila Hausa ce ko Yarabanci, tunda a Agege kowa haka yake faɗa. Ko ɗaya. Daga Turanci muka aro ta, ma'anarta kuwa lauje, wannan dai da ake yankan ciyawa da shi.

A 1910 wani likita a Shikago, James Herrick, ya wallafa bayanin jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Giranada. Da aka duba a madubin likita, sai ga jajayen ƙwayoyin jinin sun lanƙwashe kamar lauje, alhali lafiyayyu kewayayyu ne kamar faifai. Nan sunan ya samo asali. Lanƙwasar ce take sa su maƙale a ƙananan jijiyoyi, ciwon ƙashi ya taso. Ga saurin mutuwa: lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, ita kuwa 10 zuwa 20 ta gama.

Shi ya sa likitoci ke haɗa ta da anemiya, kalmar Girkanci mai nufin rashin jini.

Mu dai amosanin jini muka taso muna ji, kuma ni na fi son sa, don ya kama ciwon gaɓɓan nan da ke hana ƙanwata barci in sanyi ya shigo.