An gayyace ni taron fiziyoloji a ƙasar waje, in biya kuɗin rajista?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni malama ce a sashen fiziyoloji (ilimin yadda sassan jiki ke aiki), ina kan digiri na uku. Na samu imel wai an zaɓe ni babbar mai jawabi a wani taron duniya kan aikin zuciya da jijiyoyin jini, sun ce in biya rajista kafin Juma'a, in na isa za su mayar min da kuɗin jirgi da masauki. Wallahi hankalina ya ƙi kwanciya, ina tsoron damar ta kuɓuce min, har na fara tunanin cin bashi. Don Allah ina ake samun tallafi na gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kada ki biya, kada ki ci bashin nan. Ki bar Juma'ar ta zo ta wuce, za ki ga sun sake turo imel wai sun ƙara miki wa'adi saboda darajarki.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne kusan kullum sai wani ya kawo min irin wannan takarda yana murna, an ɗauka takardar gayyata ita ce tallafi. Ba ita ba ce. Ki tambayi kanki tsakani da Allah, wace maƙala kika wallafa da ta sa aka tsallake farfesoshin fannin zuciya na duniya aka ce ke ce babbar mai jawabi tun kina ɗaliba? Ba raini ba ne, ni ma suna turo min, har kan fannin da ban taɓa leƙawa ba, wata rana haƙori wata rana aikin gona. Adireshinki suka kwasa daga intanet suka watsa saƙo iri ɗaya ga dubban mutane. Babban mai jawabi na gaskiya masu taro ne ke ɗaukar nauyinsa, ba a ce masa ya fara turo kuɗi. Wasu tarukan ma ana yin su, sai ki je ki tarar da ɗan ɗaki a otal, an haɗa mai binciken ƙoda da injiniya da mai nazarin tsirrai, kowa ya karanta nasa ba mai tambaya, a ba ku satifiket a watse, kuɗin jirgi kuma shiru kake ji. A 2019 wata kotu a Amurka ta yanke wa kamfanin OMICS, mai buga mujallun bincike da shirya taruka, biyan sama da dala miliyan 50 kan yaudarar masu bincike da mujallu da taruka, ciki har da saka sunayen manyan masana a talla ba tare da sun amince za su halarta ba. Amma har yau sai ka ga an ɗauki irin wannan satifiket ɗin an liƙa a takardun neman ƙarin girma, kwamiti kuma ya karɓa ido rufe, to ta yaya 'yan damfara za su daina?

Eh, akwai tallafin gaskiya da sai bayan an dawo ake biya, a kan rasit. Bambancin shi ne ke kika nema, aka tantance, aka ba ki takarda mai ɗauke da adadin kuɗin tun kafin ki sayi tikiti.

Inda za ki duba: The Physiological Society ta Birtaniya, wadda aka kafa tun 1876, tana ba mambobinta tallafin halartar taro, haka American Physiological Society ta Amurka. IUPS ita ce uwar ƙungiyoyin fiziyoloji ta duniya, babban taronta yawanci duk bayan shekara huɗu ne, na 2017 a Rio de Janeiro aka yi. In aikinki ya taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, IBRO, ƙungiyar masu binciken ƙwaƙwalwa ta duniya, na shirya kwasa-kwasai na gajeren lokaci kuma tana tallafa wa matasan masu bincike. The Company of Biologists, ƙungiya mai buga mujallun kimiyyar halittu, na ba da kuɗin ziyarar wani ɗakin bincike don koyon wata dabara, tana kuma taimaka wa masu shirya taro. Ni a ganina a matakinki kwas na sati biyu da za ki sa hannu a na'ura ya fi taron da za ki tsaya gaban fostar da ke nuna bincikenki awa ɗaya.

Sharuɗɗan kusan ɗaya ne, ki zama mamba, wasu ma sai kin ɗan jima a ciki, a karɓi taƙaitaccen bincikenki, ki samu wasiƙar sufabaizanki, wato malamin da ke duba bincikenki, da kasafi mai ma'ana. Ki fara watanni da dama kafin taron, domin biza da sa hannun ofis-ofis kaɗai sun isa su cinye miki lokaci, na sha ganin wanda tallafi ya fito amma fayil ɗinsa na kwance a teburin wani har aka gama taro. Ki shiga shafin kowace ƙungiya da kanki, ba ta link ɗin cikin imel ba, ki rubuta ranakun rufe karɓar takardu, sannan ki kai wa sufabaizanki wancan imel ɗin ya gani kafin ki goge shi.