Tambaya da amsa: Muna jan fatsa a Tafkin Mishigan amma salmon ya ƙi kamuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Mishigan ta Amurka, ni da wani abokina muka haɗa kuɗi muka sayi ƙaramin jirgin ruwa na hannu mai ƙafa 18. A watan Yuli muka riƙa fita tafki muna jan fatsa a bayan jirgi tun safe har azahar amma ko taɓawa babu, alhali jiragen da ke kusa da mu sai ɗaga kifi suke yi. Mun sayi cokulan koto kala-kala, wato koton ƙarfe mai siffar cokali, muna ɗaurawa mu saki zare kawai. Dan Allah wane koto salmon ya fi so, kuma dole ne sai mun sayi dawunriga, wato na'urar nan mai saukar da koto ƙasan ruwa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Toh ni dai daga jin bayaninka koton naku ba shi da laifi, ku daina ƙaro cokula haka nan. Cokali shi kaɗai in ka ja shi a bayan jirgi ƙafa kaɗan yake nutsewa komai yawan zaren da ka sakar masa, shi kuwa salmon a watan Yuli yana can ƙasa ƙafa 60, 80, wata rana ma sama da 100. Kaga kenan kuna sama yana ƙasa, ko ganin koton bai yi ba balle a ce ya ƙi.

Abin da ke kai shi ƙasa sanyi ne. In bazarar ƙasar nan ta kankama ruwan tafkin yakan rabu hawa-hawa, na sama ya ɗumama, na ƙasa ya zauna da sanyinsa na ƙanƙara, a tsakani kuma akwai wani ɗan siririn hawa inda zafin ke faɗuwa da sauri cikin 'yan ƙafafu. Babban salmon ɗin, wato Chinook wanda masunta ke ce wa king, yana son ruwan da ke wajen digiri 45 zuwa 55 a ma'aunin Amurka, kusan 7 zuwa 13 kenan a namu, saboda haka a wannan hawan na tsakiya da ƙasansa kaɗan zaka same shi yana farauta. Kuma hawan nan baya zama wuri ɗaya, iska ce ke wasa da shi. A gaɓar Mishigan, wajen Ludington ko Manistee ko Grand Haven, in iskar yamma ta kwana biyu tana kaɗawa sai ta taro ruwan ɗumi ta jibge a gaɓa, ruwan sanyi ya gangara ƙasa sosai ko ya koma can tsakiya, in kuwa iskar gabas ce sai ta kore na ɗumin, na sanyin ya taso har ka kama king a ruwa mai ƙafa 30 kana hango mutanen da ke bakin yashi. Shi yasa wurin da aka kwashi kifi ranar Asabar ka je ranar Talata ka tarar wayam. Kafin kowace fita duba iskar da aka yi kwanakin baya, wannan ya fi maka amfani akan tambayar wane kala ke ci.

Sanin abin da yake ci ma yana taimakawa. Kifin nan ba ɗan asalin tafkin bane, daga gaɓar tekun Fasifik aka kawo shi. Wani ɗan ƙaramin kifi mai ruwan azurfa da ake kira alewife ne ya cika tafkin bayan manyan kifayen da ya kamata su cinye shi sun ƙare, har a 1967 matattunsa suka rufe bakin ruwa a Shikago sai da aka riƙa kwashewa da katafila. Howard Tanner, wanda ya shugabanci sashen kifi na jihar Mishigan, shine ya kawo shawarar a zuba salmon, aka fara da wani nau'insa mai suna coho a 1966 a kogin Platte, Chinook ya biyo baya a 1967. Har yau king kusan alewife kaɗai yake ci, shi yasa ma da alewife ya ƙare a Tafkin Huron wajen 2003 zuwa 2004 kamun king ɗin can ya rushe. Toh duk cokalin da ka gani mai sheƙi mai tsawon yatsa ko fiye, alewife ake kwaikwayo. In na'urar duba kifi ta nuna maka garkensu kamar gajimare a ƙasa, kuma a cikin ruwan sanyi, nan zaka yi ta kewayawa.

Maganar dawunriga, a'a ba dole bane ku fara da shi. Ni in ka tambaye ni Dipsy Diver zaku fara saya guda biyu, ɗan faifai ne mai dalma a ƙarƙashinsa, in jirgi ya ja shi sai ya riƙa nutsewa da kansa, in kifi ya kama kuma wani ɗan ƙarfe ya ɓalle faifan ya daina turjiya. Dalmar ana juya ta daga 0 zuwa 3, hagu ko dama, 0 yana sauka kai tsaye a bayan jirgi, 3 yana fita gefe sosai amma baya kai zurfin 0 ɗin. A ƙiyasce ƙafa 2 zuwa 3 na zare suna baka ƙafa 1 ta zurfi, toh in kana son ƙafa 60 zaka saki wajen 120 zuwa 180, kuma anan ne dole sai da rili, wato abin naɗe zare, mai kanta, wanda ke ƙirga maka ƙafa nawa suka fita, in ba haka ba ka kama kifi baka san inda ka kama shi ba balle ka maimaita. Zaren ya zama na saƙa ko na waya mai ƙarfin laba 30, don zaren roba yana miƙewa baya barin faifan ya yi nisa. Tsakanin faifai da koto sa ɗan robar nan mai rage fizga, sannan tsawon zaren koton kar ya wuce tsawon sandarka, in ya wuce zaka naɗe har faifan ya zo bakin sanda kifi kuma yana can inda koma bata kaiwa.

Dawunriga kuwa in kuɗi ya samu ku saya ko guda ɗaya, mai juyawa da hannu ma ya isa. Amfaninsa shine kai koto daidai ƙafar da kake so. Ƙwallon dalma ne mai laba 10 zuwa 15 rataye da waya, ka saki kotonka baya kamar ƙafa 20 zuwa 50, ka maƙale zaren a matsin da ke jikin ƙwallon ka saukar, sannan ka naɗe rili har sanda ta lanƙwashe sosai. Kifi na kamawa zaren zai fice daga matsin ka yi kokawa da shi ba wani nauyi a tsakani, wallahi daɗin kamun dawunriga daban ne. Sai dai kantar tana ruɗi, ta ce 100 amma ruwa ya tura ƙwallon baya ya ɗaga shi, ainihin zurfin bai kai haka ba, kuma iya saurinka iya ɗagawar. Akwai kuma zaren dalma da na tagulla da ake fitarwa gefe da ɗan allo mai yawo a saman ruwa, na dalma kowace kala yadi 10 ce kuma tana nutsewa wajen ƙafa 4 zuwa 5, na tagulla ya fi shi sauka. Suna aiki sosai da rana tsaka lokacin da kifi ke gudun jirgi, don tafkin ya yi garau tun da ƙananan kawa 'yan ci-rani suka mamaye ƙasansa suna tace ruwan, amma ku bar su sai baɗi, sabon hannu da tagulla ƙafa 300 a ƙaramin jirgi cukurkuɗewa ce kawai.

Sai gudu, kuma nan ne mutane da yawa ke faɗuwa bayan sun gyara zurfi. Mil 2.2 zuwa 2.8 a awa shine inda aka fi zama. Matsalar ita ce GPS gudun jirgi yake nuna maka, a ƙasa kuwa akwai igiyar ruwa mai tafiyarta daban, sai ka ga kana 2.5 a sama amma cokali yana juyi kamar farfela saboda kana fuskantar igiyar, ka juya kan jirgi kuma ya koma yana ja kamar matacce. Masu hali suna sa Fish Hawk a jikin wayar dawunriga ya riƙa basu gudu da sanyin ruwa daga ƙasan, kuma in akwai na'ura guda da ta cancanci kuɗinta a harkar nan toh ita ce. In babu, kalli yadda waya ta karkata da yadda sandar Dipsy ta lanƙwashe lokacin da kifi ya kama, ka riƙe wannan. Kada ka miƙe sak, riƙa ɗan karkata hagu da dama, a kowace kwana koton waje yana ƙara gudu na ciki yana raguwa ya ɗan nutse, in na waje ke samun kamu ƙara wuta, in na ciki ne rage. Haka in ka lura duk kamun yana zuwa ne in kun fuskanci arewa misali, toh ku naɗe ku koma ku sake bi ta arewan, ba laifi bane.

Yanzu koton da ka tambaya. Cokula shida sun ishe ku: masu haske a duhu don asuba, kore da shuɗi masu bayan azurfa don in rana ta fito, ja da ruwan lemo kuwa na kusa da sama ne don su ne kalolin da ke fara ɓacewa in an yi ƙasa. Abin da zaku ƙara shine filasha, wani falle mai inci 8 ko 11 da ke juyawa yana walƙiya, a bayansa kamar inci 22 zuwa 24 a ɗaura ƙuda na leda mai ƙyalli. Fari ko kore a bayan Dipsy, wannan haɗin ya kashe king ba adadi. Wasu suna sa yankan kifin herring maimakon ƙudan in suna neman manya. In ruwa ya cika da ƙananan ƙwarin nan masu ƙaya da ke taruwa a jikin zare a tsakiyar bazara, sa zaren roba mai kauri a sandar dawunriga kuma ka riƙa dubawa kana sharewa, don koto mai datti kifi baya kula shi.

Lokaci ma kun makara, "tun safe" ɗin nan naka ina zargin ƙarfe takwas ne. King da duhu-duhu yake ci, awa ɗaya kafin fitowar rana zuwa awa ɗaya ko biyu bayanta, sai kuma gab da magariba. Ku yi sallar asuba da zarar lokaci ya shiga ku tashi, ko ku yi ta a jirgin, zare ya riga rana shiga ruwa. In rana ta ɗaga ku ƙara zurfi ku matsa ciki. Daga tsakiyar Agusta zuwa Satumba manyan suna taruwa a bakin koguna kafin su hau su yi ƙwai su mutu, lokacin ne ƙaramin jirgi irin naku ya fi samun rabo, kuma koton da ake kira J-Plug mai haske yana aiki. A Agustan 2021 ne ma aka kama wanda ya kafa tarihin jihar a wajen Ludington, laba 47.86, kusan kilo 22. A Afrilu da Mayu kuma coho na kudancin tafkin kusa da sama, wannan kam ko da kayan da kuke da su yanzu zaku iya samu.

In ya kama kar ka fizgi sanda, ya riga ya kama kansa. Ka bar birkin rili da ɗan sassauci tun farko don king yana iya jan ƙafa ɗari biyu ko fiye a gudun farko, in ka matse zare zai tsinke ko ƙugiya ta yage bakinsa. Jirgi kar ya tsaya, a dai rage gudu kaɗan, in ya tsaya sauran zaruruwan zasu nutse su harɗe. Mai koma ya jira sai kifi ya gaji ya kwanta, ya ɗebo shi ta kai.

Doka kuma, a Mishigan duk mai shekara 17 zuwa sama sai da lasisi, sanda uku ga kowane mutum, ku biyu shida kenan amma huɗu sun ishe ku yanzu. In kun tsallaka ruwan Wiskonsin lasisinsu daban ne har da hatimin salmon na musamman. Adadin da aka yarda ka ɗauka a rana yana cikin littafin dokokin shekara, ku duba na bana. Kuma dan Allah kar ku raina tafkin nan don an ce masa tafki, zurfinsa ya kai ƙafa 923, a Satumbar 1967 guguwa ta rutsa da masu ƙananan jirage da suka fita neman coho a wajen bakin kogin Platte mutum bakwai suka rasu. Jirgi mai ƙafa 18 in hasashe ya nuna igiyar ruwa zata wuce ƙafa 2 zuwa 3 ku zauna a gida, rigar ruwa a jiki, rediyon jirgi a kunne, wani a gida ya san tashar da kuka fita.

Wanda kuka kama ku yanke masa jan naman da yake numfashi da shi a gefen kai nan take jini ya fita ku tura shi cikin ƙanƙara. Wajen gyara a cire fata da kitsen ciki da baƙin naman da ke gefe don nan gubar PCB ke taruwa, kuma in da mai juna biyu ko ƙananan yara a gida ku duba jadawalin Eat Safe Fish na hukumar lafiyar jihar ku ga sau nawa ya dace su ci a wata. In kun samu hali ku biya jirgin haya na safiya ɗaya kafin fitarku ta gaba, ku zauna kusa da matuƙin kuna kallon kanta da gudu kuna tambaya, yawancinsu basa rowar bayani. Allah ya bada sa'a.