Amsar Malam ga Alhaji kan Sakamakon Ƙarshen Zango

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da ke cikin wannan zaure, barkanku da dare, ya damina, ya aikin gona? Allah ya ba mu mai albarka. Ni ne malamin lissafi na aji huɗu da biyar, kuma mai kula da ɗakin kwanan da ke kusa da masallaci. Ku yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo.

Alhaji, Allah ya ƙara girma, na saurari saƙonka. Ka ce yaronka ya dawo da takardar sakamako, ya zo na 27 a ajinsu, ranar raba kyaututtuka kuma ka zauna tun safe har azahar ba ka ji an kira sunansa ba. Kana tambaya ko dai ka cire shi ka kai shi shagon ƙanenka a birni ya koyi kasuwa, tunda ga alama bokon ba ya karɓarsa. Na ga mutum uku sun ce su ma abin da ke ransu ke nan, shi ya sa zan amsa a nan kowa ya ji.

Alhaji, don Allah kar ka cire shi. Bari in gaya maka dalili.

Wannan lambar ta na nawa ya zo, ita ce abu na farko da kowane uba ke dubawa, wani ma daga ita ya ninke takardar ya sa a aljihu. To yadda ake fitar da ita shi ne a haɗa makin duk darussa, a jera yara daga sama zuwa ƙasa. A aji mai cunkoso irin namu, tsakanin na 15 da na 27 sau da yawa 'yan maki ne ƙalilan. Kuma ranar da yaro zai zauna WAEC ko NECO, babu mai tambayarsa na nawa yake zuwa a aji. Abin da jami'a ke nema kiredit biyar ne, dole da Turanci a ciki, Lissafi ma dole ne a mafi yawan fannoni. Kiredit kuwa daga A1 ne zuwa C6. D7 da E8 an ci, amma ba su kai kiredit ba, F9 faɗuwa ce. Sai JAMB, darasi huɗu, maki 400, Turanci dole a cikinsu. Ko jami'ar Bayero yaro zai je, ko ta Wudil, ko ta Dutse, ta wannan ƙofar zai bi.

Saboda haka ku buɗe takardar ku bi ta layi-layi. Wanda bai iya karantawa ba, ya sa yaron ya karanta masa da bakinsa, yana nuna wurin da yatsa. Ni na san takardar yaronka, Alhaji, don ni na cike layin lissafi da hannuna. Zangon farko faɗuwa ya yi. Zango na biyu ya tsallake da ƙyar. Wannan zangon C5 ya samu, kuma wallahi da guminsa, don ina tsaye a kansu lokacin jarabawar, babu wanda ya leƙa takardar wani. Inda yake da rauni Turanci ne, musamman rubutun insha'i. Nan ne aikin yake, kuma abu ne mai gyaruwa kafin ya kai ga jarabawar kwalifayin, wadda gwamnatin jiha ke dubawa kafin ta biya wa yaro kuɗin NECO.

Ku da kuke zuwa ranar biki kawai, rumfa kuke gani da kujeru da yara cikin fararen kaya. Ina ma a ce kun leƙo mako biyu kafin nan. A lokacin guzurin kowa ya ƙare. Akwatin da aka zo da shi cike da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji, sai ka ji yana ƙara in an taɓa shi. Ga ruwan sama, ga sauro, ga zazzaɓi yana ɗaukar yara ɗaya bayan ɗaya. Na sha fitowa zagaye wajen ƙarfe uku na dare in tarar da su a barandar masallaci, inda fitilar sola take, sun lulluɓa da zanin gado, littafi ɗaya mutum huɗu, ɗaya yana karantawa sauran suna maimaitawa. In na ce su je su kwanta, sai su ce Malam saura shafi biyu. Yaronka yana cikin waɗannan. Ni dai ba zan iya kallon yaron da na gani a wannan halin in ce ba ya son karatu ba.

Da an ajiye biro kuma sai makon da ya fi ba mu wahala, mu malamai. Muna fama da tulin takardun maki, su kuma ba aji ba jarabawa, hankali ya riga ya tafi gida. A makon ne ake tsallake katanga a tafi kasuwa ko gidan kallon ƙwallo. Shi ya sa muke cika musu shi da wasan ƙwallo tsakanin gidajen kwana, da muhawara, da kacici-kacici, da musabaƙa bayan la'asar. Wanda yake ganin wasa ne kawai, ya zo ya ga yadda yaron da ba ya buɗe baki a aji yake tsayawa gaban ɗalibai ɗaruruwa yana kare ra'ayinsa.

Kuma alhamdu lillahi bana mun ga abin farin ciki. A musabaƙar Alƙur'ani yaronmu na izu ashirin ya wuce matakin ƙaramar hukuma, zai je na jiha. Kun san wannan musabaƙa ba ƙaramin abu ba ce, ita ce ake hawa har ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986. Cikin 'yan aji uku kuma akwai waɗanda suka zauna jarabawar shiga makarantun kimiyya, muna sa ran wasu za su samu Dawakin Tofa ko Dawakin Kudu. Waɗannan makarantu tun 1977 aka buɗe su, kuma da yawa daga likitoci da injiniyoyin Kano da Jigawa can suka fito. 'Yan aji shida kuma sun gama NECO lafiya, ba a kama ko ɗaya da satar amsa ba. Wannan ma a wurina nasara ce babba.

Amma akwai waɗanda ba a kira su gaban rumfa ba, su nake so ku ji labarinsu. Akwai wani yaro da aka kawo mana aji ɗaya daga wata ruga. Allo yana karanta shi tsaf, ajami yana rubutawa, amma boko ko sunansa ba ya iya haɗawa. Yara suna yi masa dariya. Shekarar nan kullum bayan sallar isha'i sai ya zo ƙofar ɗakina da littafin 'yan firamare a ɓoye cikin riga, don kar a gani. Ranar taron safe na ƙarshe, shugaban makaranta ya miƙa masa takardar sanarwar hutu ya ce ya karanta. Hannunsa yana rawa, takardar tana kaɗawa, ya tsaya sau biyu, amma ya kai ƙarshe. Filin ya yi tsit, sannan aka ɓarke da tafi. A takardarsa can ƙasa ya zo. To ku gaya mini, a duk ajin nan wa ya fi shi tafiya mai nisa?

Akwai wasu 'yan aji biyar su uku, da famfon burtsatse ya tsaya muka kwana biyu muna ɗibar ruwa a rijiyar gari, su suka bi wayar sola da malamin Fiziks har suka gano inda ta ƙone, suka haɗa. Gonar makaranta ma, gyaɗar da waken da kuka gani a bayan ɗakin cin abinci, hannun yara ne. Teburin kyauta mutum uku kawai yake ɗauka a kowane aji, littattafan rubutu ne da ƙamus da bokiti. Ni ra'ayina, kuma na faɗa a taron malamai, ya kamata a ware kyauta ta wanda ya fi kowa ci gaba daga zangon farko zuwa na uku. In ƙungiyar iyaye ta mara mana baya, baɗi za a yi.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, kuma ita ce ainihin abin da ya ja yaronka ƙasa, Alhaji. Sakamakon zango na uku ba na zangon kaɗai ba ne, ana haɗa zangunan uku a raba. Zangon farko a watan Satumba ake komawa, daidai lokacin da gero ya nuna. Sai a riƙe yaro a gida, a ce bari a gama girbi, bari a ɗaure dammuna, bari a cire gyaɗa. Kafin ya dawo an yi wata guda, wani ma fiye. A nan wurinmu tes da aikin gida maki 30 ne, jarabawa 70. Yaron da ya dawo an riga an yi tes na farko, ya yi asarar makinsa a kowane darasi, ga darussan da suka wuce shi babu mai maimaita masa. Wannan ramin shi yake bin sa har Yuli. Bara yaronka sai da aka yi mako biyar ya dawo. Ba laifi nake ɗora maka ba, na san halin da ake ciki, kuɗin ƙwadago ya yi tsada, taki ya yi tsada, ni ma ɗan manomi ne kuma ina da 'yar gonata. Amma gara a nemi gayya ko a biya wani na kwana biyu da a ci bashin zangon yaro gaba ɗaya.

Hutun nan yaro ya yi noma, ya yi maimai, babu abin da zai rage shi, ƙarfi ma zai ƙara masa. Abin da nake roƙo awa ɗaya ce a rana, bayan ya dawo ya huta. Na ba 'yan ajina tsofaffin tambayoyin NECO na lissafi, malamin Turanci kuma ya ce kowa ya rubuta shafi ɗaya duk mako kan abin da ya gani, ko kasuwar Wudil ce ranar Juma'a, ko yadda ake zuba taki. Iyaye mata, ku kuka fi ganinsu a gida, ku riƙa cewa a nuna muku shafin, ko ba ku karanta ba za ku ga an cika shi ko ba a cika ba. Wayar hannu kuma a sa ido, kar dare ya ƙare a kanta. Gidan sauro ma a tanada tun yanzu, wanda ya yage a ɗinke.

Kasuwa ba ta gudu, Alhaji. Saura masa shekara biyu ya gama, in ya riƙe takardarsa ya shiga shagon, lissafin da zai yi wa ƙanenka ma sai ya fi kyau. Ranar komawa tana rubuce a ƙasan takardar sakamako, kowa ya duba, a turo su ranar ko da guzurin bai cika ba, daga baya a aiko da shi ta hannun direbobin tasha. Ni ina cikin makaranta makon nan gaba ɗaya muna rufe rajista, in ka samu dama ka zo da yaron da takardar mu zauna mu uku. Allah ya shirya mana su, ya sa mu ga amfaninsu. Wassalamu alaikum.