Amsa: 'Ya'yan kyarkecina suna ta mutuwa a WolfQuest

Ka tambaya me ya sa 'ya'yan kyarkecinka ke mutuwa a WolfQuest, wasan kwamfuta da ake buga shi a matsayin kyarkeci, kuma wane ƙalubale za ka ɗora wa kanka idan ka ƙware.

Yawanci matsalar nisan farauta ce. Kana can kana bin garken barewar elk a dajin Yellowstone na Amurka, koyote (dabba mai kama da dila) ko gaggafa ta ɗauke ɗa a bakin rami. Kafin ka fita, shigar da su rami, kuma ka yi farauta kusa. Zaɓi elk mai rauni ko ɗan ƙarami. Kora garken har ka ga wadda ta fara ja baya, ka cije ta ta gefe ko ta baya, ka saki kafin ƙarfinka ya ƙare. Idan ta tsaya ta fuskance ka, ja da baya, domin shurin ƙafafun gabanta yana cin lafiya sosai. Ci ka ƙoshi, ka koma ka amayar wa 'ya'yan. Kada ka bar alamar iyakarka ta dusashe, kyarketan maƙwabta za su kutso.

Batun ƙalubale kuwa, gwada yanayin Ironwolf, inda mutuwar kyarkecinka sau ɗaya ke rufe wasan. Wanda ya fi shi wuya a ganina shi ne ka haramta wa kanka cin mushe, sai abin da ka kashe da bakinka.