Amsa: Dalilin sa wa bututun rijiyar mai maganaɗisu

Malam, ka ce ka sayi tsohon bututun haƙar mai a Panteka, yana kama ƙusa, wutar walda kuma tana karkacewa, kana tambaya ko lalacewa ya yi. Lafiyarsa lau, da gangan aka sa masa maganaɗisu domin gwajin gano tsaga.

Na'urar gwajin naɗin wayar tagulla ce mai kamar zobe. Ana zura bututun ta cikinta, a sakar mata wutar DC (irin ta batir), sai ƙarfen ya ɗauki maganaɗisu. Daga nan a yayyafa garin ƙarfe mai laushi. Duk inda tsaga take, ko ido ba ya ganinta, maganaɗisun na yoyo ta wurin, garin ya taru ya ja layi siriri kamar zare. Zoben yana tona tsagar da ta gitta bututun. Wadda ta bi tsawonsa kuwa sai an zura sandar tagulla ta tsakiya an ba ta wuta. Wajen haƙoran ɗauri aka fi tsananta dubawa, domin in bututu ya tsinke a ƙasan rijiya, ciro shi wahala ce babba, ga asarar kuɗi.

Ya kamata a ce an cire maganaɗisun bayan gwaji. Ƙa'idar API 5L, ta Cibiyar Man Fetur ta Amurka kan bututun jigilar mai, ta ƙayyade ragowarsa kada matsakaicinsa ya wuce gaus 30 (gaus ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne). Naka ba a cire ba ne.

Don Allah kada ka yi walda a haka, haɗin ba zai yi ƙarko ba. Nemi zoben wutar AC (irin ta gida), ka zura bututun ta cikinsa, ka zare shi sannu a hankali har ya yi nisa kafin a kashe wutar, sannan ka auna maganaɗisun bakinsa.